Motar Wendell da Haƙorin Glenna

Ka taɓa tsayawa ka duba sawun da taya take bari a kan kwalta idan mota ta tashi da ƙarfi? Yawancin mutane baƙi kawai suke gani, su wuce abinsu. To iri biyu ne. Akwai wanda yake miƙewa ɗoɗar, layi biyu kamar an ja da gawayi ba a ɗaga hannu ba. Akwai kuma mai yankewa, baƙi nan, fili nan, baƙi nan, kamar ɗinkin hannu. Na farkon, taya ta kama ƙasa. Na biyun kuwa tsalle take yi. Irin na biyun nan ne ya hana Glenna Tackett shiga motar mijinta har shekara arba'in da biyar.

Wendell Tackett mai raba wasiƙu ne a ƙauyukan da ke kewaye da garinmu a gabashin Kentucky, kafin ya yi ritaya. Akwati ɗari huɗu da sha biyu ne a hanyarsa, kuma ya san karen da ke bayan kowanne. Tunda akwatunan a gefen dama suke, a tsakiyar kujera yake zama, hannun hagu a sitiyari, ƙafar hagu a miƙe tana lallaɓa totur da birki, hannun dama a waje. Har yau in yana tafiya kafaɗarsa a ɗan karkace take. Ba a taɓa yin direba mai sanyin ƙafa kamarsa ba. Matan hanyar kan ba shi ƙwai ya kai wa 'yan'uwansu a gaba, ko ɗaya bai taɓa fashewa ba.

Amma duk Asabar da yamma, in ya ajiye jakar wasiƙu, sai ya buɗe gareji ya fito da ɗaya motar. Nova ce ƙirar 1970, ja, silinda takwas, giya huɗu. Ya saye ta hannu na biyu yana saurayi, da gumin yankan taba a gonakin mutane. A zamanin, duk saurayin da ya amsa sunansa sai ya ɗaga bayan motarsa sama, hancinta ya dubi ƙasa. Wendell ya sa mata shokozoba irin wadda ake hura wa iska, bawul ɗinta a gefen lambar baya, ya ƙara da dogayen ƙarafan da ke rataye sifirin. Inci huɗu cif bayan ya tashi. Yayin ya zo ya wuce, abokansa kowa ya sauke tasa. Wendell bai sauke ba. Duk Asabar sai ya ɗauko famfo ya cika iskar da ta rage.

Ƙarfi kam motar tana da shi, ba mai musu. Wurin tashi ne matsalarta. Da ya saki kuloci ya danna totur, sai tayoyin baya su shiga dukan ƙasa, daf-daf-daf-daf, madubi na rawa, ɗan akwatin gaba ya buɗe da kansa ya zubar da takardu. Tun bai yi aure ba garin ya raɗa mata suna Zomo.

Wata kaɗan da aurensu, an tashi daga liyafar coci, Glenna na zaune a gefensa da kwalbar lemo a baki. Ƙanenta Hoyt da wasu samari suna bakin ƙofa suna zuga shi: "Mijin yaya, nuna musu!" Wendell ya nuna musu. Zomo ta yi tsalle, bakin kwalba ya sami haƙorin Glenna na gaba ya ɓalle masa kusurwa. Ba ta yi ihu ba. Ta tofar da guntun a hankici, ta buɗe ƙofa, ta ce, "Wendell, kai dai ina tare da kai. Amma ni da wannan abar mun gama." Ta taka da ƙafa har gida. Haƙorin kuma ba ta taɓa gyara shi ba, takan ce shi ne shaidarta. Ta shiga a-kori-kurarsa, ta shiga bayan tarakta ma, amma Zomo ko murfinta ba ta taɓawa.

Da wannan bai dami kowa ba, ba don al'adar filinmu ba. Tsohon filin saukar jiragen feshin gona ne, ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta mayar da shi wurin tsere, gajeren miƙaƙƙen titi, mota biyu-biyu. Ranar rufe kaka, Asabar ta ƙarshe a Oktoba, in an gama gasa sai a kashe agogo, kowa ya yi gudu ɗaya da matarsa a gefe. Ba kofi, ba na ɗaya ba na biyu. Daga nan a zauna a ci wake da burodin masara. Kowace shekara Wendell yakan shiga layi ya yi nasa gudun da kujera wayam, Glenna na kan benci tana tafa masa. Wata shekara Hoyt ya ɗauko mutum-mutumin korar tsuntsaye daga gonarsa, ya sa masa hular mata, ya ɗaure shi da bel a kujerar. Wendell ya yi dariya tare da kowa. Glenna ce kaɗai ta lura bai taɓa wakensa ba ranar.

A watan Yunin bara likitan ido ya gaya masa tsakiyar ganinsa ta fara dusashewa. Ya ce a shekarar zai iya tuƙi da rana. Shekara mai zuwa kuwa kada ya sa rai za a sabunta masa lasisi. Motar za ta koma wurin 'yarsu a Ohio.

Washegari suna karin kumallo, ya daɗe yana juya cokali a kofi.

"Glenna."

"Na ji ka, tsoho. Tun jiya nake jin ka, baki ne dai ba ka buɗe ba."

"Oktoban nan shi ne na ƙarshe."

"Na sani."

"Sau ɗaya tak nake roƙo."

Ta ajiye wuƙar man shanu, ta taɓa giɓin da harshe kamar yadda takan yi in tana tunani. "Ka ɗauka saƙa kawai nake yi a bencin nan? Ƙasa nake kallo. Motocin kirki layi biyu suke bari. Taka kuwa sai ka ce ɗinkin ɗan koyo. Ranar da ka nuna mini layi biyu ba yankewa, zan shiga."

"Da gaske kike?"

"Kuma ni zan ƙirga. Ba kai ba, ba Hoyt ba. Ku biyun ba a ba ku amanar lissafi."

Hoyt Sizemore, wanda yanzu furfura ta cika masa kai, makanikin tarakta ne. A cikin gonarsa, bayan rumbun shanya taba, akwai wata miƙaƙƙiyar kwalta da ba ta zuwa ko'ina. Nan suka yi gwajin farko. Hayaƙi ya washe, Glenna ta bi sawun da sandar lambunta tana dungurar kowane baƙi. Sha huɗu.

"Sha huɗu!" in ji Hoyt. "Mijin yaya, ai wannan ba zomo ba ne, kwaɗo ne. Zo ka riƙe mini nan. Tun muna yara nake gaya maka, yau dai ka saurara."

Ya miƙa masa ruwan zarton yankan ƙarfe, Wendell ya riƙe ƙarshensa biyu. Hoyt ya cafke tsakiyar da filaya. "Wannan shi ne sifirin ɗinka, ganye biyar kowane gefe. Nan tsakiya aksil ya zauna, ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya. In inji ya juya taya gaba, kwanson aksil baya yake son juyawa." Ya murɗa filaya, ruwan zarton ya lanƙwashe kamar maciji, rabi sama rabi ƙasa. "Ya murɗu har ya kai maƙura, taya ta saki ƙasa." Ya saki, ƙarfen ya yi fir ya miƙe. "Ya warware, ta faɗo, ta sake kamawa, ya sake murɗuwa. Tsallen naka ke nan. Ba iska ba ce ta shige ta."

Suka kama aiki, abu ɗaya-ɗaya, don su san me kowanne ya yi. Da farko robobin da ke idon sifirin, wato zoben da ke ƙarshensa, waɗanda suka fito suna rugujewa kamar busasshen burodi. Aka sa sababbi masu tauri. Glenna ta zo da sandarta: sha ɗaya. Sai suka ɗaure rabin gaba na ganyayyakin da maɗauran ƙarfe bibbiyu, don su daina zamewa a kan juna. Takwas. Daga nan babban aikin, sanduna biyu na ƙarfe, kowace an ɗaure ta a ƙarƙashin aksil ta miƙa gaba, da dunƙulen roba a bakinta. In aksil ya so murɗawa, robar ta tashi ta tokare idon sifirin na gaba, ta hana shi. Wendell ya sa rai sosai a kan wannan. Biyar.

A biyar ɗin nan abin ya cije. Suka rage wa tayoyi iska, biyar. Suka ƙara, shida. Agusta ya wuce, Satumba ya raba. Wata rana Wendell ya dawo da ƙafarsa ta raba wasiƙa, ya saki kuloci a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, motar ta zame gaba ba ko gezau. Ya fito yana murmushi.

Glenna ta dubi kwalta tas, ba ko ɗigon baƙi. "Ina layin?"

"Ai ba ta yi tsalle ba."

"Layi biyu na ce. Wannan tashin kai wa tsohuwa Misis Combs takardar fansho ne. Ha'inci da furfurarka, Wendell?"

Hoyt ya kwanta a ƙarƙashin motar ya daɗe, sannan ya turo kansa waje. "Ka san abin da ya rage, ni ma na sani. Ka ɗaga bayan nan har bakin sandar ya yi nisa da idon sifirin. Inci biyu ne tsakaninsu. Kafin robar ta kai, aksil ya riga ya gama murɗawa. Kuma shokozobar nan taka da ka cika da iska, ai ƙwallo ce. Ba ta shanye tsalle, ƙara shi take yi. Sauke ta."

"Komai ka taɓa, ban da wannan."

"Haba mijin yaya."

"Na ce ban da wannan."

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, don duk wanda ya zauna da Wendell ya ji labarin. Glenna tana budurwa a wani ɗan shagon sayar da askirim take aiki, irin wanda ake miƙo wa mutum ta taga. Ranar da ya fara tsayawa a wurin da Nova, bayanta a sama, Glenna ta fito daga shagon, ta zagaya ta tsaya tana kallon bayan motar, har ta yafito abokiyar aikinta, mai suna Wanda, ta zo ta gani. Shi a wurinsa nan komai ya fara. Bai taɓa faɗa da baki ba, amma a ransa iskar da yake hurawa duk Asabar, wannan ranar yake hurawa. Yanzu da abubuwa suka fara dushewa a idonsa, ba ya son siffar motar ma ta canja.

Da yamma an ga a-kori-kurar Hoyt a ƙofar gidan yayarsa, lokacin da Wendell ya fita sayen abincin kaji.

Asabar ta gaba Glenna ta iso rumbun da kwandon abincin rana. Ta ajiye shi a kan ganga, ta zagaya bayan motar ta tsaya, hannu a ƙugu, daidai yadda ta tsaya a wancan karon.

"Wendell, Hoyt ya ce wai saboda ni ka ƙi sauke ta."

Wendell ya harari Hoyt. Hoyt ya duƙufa goge sifana.

"Ranar nan a shagon askirim," in ji ta, "ka san me na ce wa ƙawata Wanda da na kira ta? Cewa na yi, zo ki ga agwagwa ta tsoma kai a ruwa. Dariya muka yi har sai da mai shagon ya leƙo."

Hoyt ya yi wani tari da ba tari ba ne, ya fice bayan rumbu.

Wendell ya cire hula, ya mayar. "Shekara da shekaru ina ba da labarin nan a gabanki."

"Kana jin daɗin ba da shi. Me zai sa in ɓata maka?"

"To me kika gani, in ba motar ba?"

"Cikin duk samarin da ke zuwa su cika mana kunne da ƙarar inji, kai kaɗai kake tsince kofunan da suka yar, ka zuba a kwandon shara, ka ce an gode. Ita Wanda ta ce wannan sakarai ne. Na ce wannan miji ne." Ta zare ɗan ƙarfen da ta maƙale gashinta da shi. "Ina bawul ɗin? Wannan ne?"

Ya ɗaga kai. Bai hana ta ba.

Ta sunkuya ta danna. Iska ta shiga fita, siiiii, doguwa, bayan motar na sauka a hankali kamar saniya za ta kwanta. Da ta gama, Wendell ya ja baya yana kallo. Wata irin mota ce a gabansa, daidai, kamila, irin wadda dattijuwa za ta tafi coci da ita. Sai kuma ya ga Glenna ta ɗora tafin hannunta a kan murfin but tana shafawa, abin da ba ta yi ba tun suna amarci.

"Yanzu ta yi kama da motar mutumin da na aura," in ji ta. "Ku zo ku ci abinci."

Gajerun ƙarafan sifirin na asali suna nan, Wendell ya rataye su a ƙusa a gareji tun ranar da ya cire su, don shi ba ya yar da komai. Suka mayar da su. Suka cire shokozobar iska suka sa mai tauri ta gaske. Suka duba taya ba ta gogar jikin mota, yatsa biyu na shiga tsakani. Yanzu robar bakin sanda ta zo daidai ƙarƙashin idon sifirin, Hoyt ya saita tazarar da fensir: kaurinsa kawai, ba ƙari.

Wendell ya shiga, ya ɗaga inji, ya saki kuloci da gaske. Bai ji daf-daf ɗin nan ba. Motar ta ɗan duƙa, ta danna shi cikin kujera, ta tafi. Madubi bai yi rawa ba, akwatin gaba na nan a rufe.

Glenna ta bi sawun hagu har ƙarshe, sandarta na ja a ƙasa. Ta dawo ta bi na dama. Ta tsaya, ta dungura wani wuri. "Ɗaya."

"Yaya, haba!" in ji Hoyt. "Wannan ai ganye ne ya faɗo."

"Ganyen gidanku. Ɗaya ne."

Gaskiyarta ce. Inji in ya murɗa, tayar dama ce ke rasa nauyi. Hoyt ya sake kwanciya yana gunaguni, ya sa wosha ɗaya ƙarƙashin robar dama, har ta kusa taɓa idon. Wendell ya sake tashi. Wannan karon Glenna ta bi duka biyun sau biyu, har da sunkuyawa. Layi biyu baƙaƙe, ƙafa arba'in da wani abu, ba yankewa. Ta jingina sandar da rumbu.

"Hular kwanon nan da ake sawa," in ji ta, "akwai wadda ba ta warin zufar Hoyt?"

Ranar rufe kaka gari ya yi kyau, ganyen tuddai duk sun koma ja da rawaya. Aka gama gasa, aka kashe agogo, motoci suka shiga layi. Mutane da yawa ba su gane Nova ba sai da suka ga Wendell a ciki. Sannan suka ga wadda ke tahowa daga benci, saƙarta a ajiye, hular kwano a kan farin gashinta, kwalbar lemo a hannu. Ta tsaya gaban Hoyt ta danƙa masa kwalbar.

"Riƙe mini. Kada ka sha."

Ta buɗe ƙofa da kanta, ta zauna, ta ɗaura bel. Kujerar kamar sabuwa take, shekara da shekaru ba wanda ya lotsa ta sai mutum-mutumi. Wendell ya dubi gaba. Mai tutar tashi ya ɗan yi masa hazo-hazo, amma yana ganinsa.

"Kin shirya?"

"Na rufe baki gam. Tafi."

Tuta ta sauka, ya saki kuloci. Nova ta duƙa ta kama ƙasa, ƙarar inji ta cika musu kunne, giya ɗaya, biyu, uku, shingen gefe na wucewa. A tsakiyar hanya ya ji hannunta a kan gwiwar hannunsa. Ba riƙon tsoro ba ne, ɗorawa kawai ta yi. Suka wuce layin ƙarshe, ya ɗaga ƙafa, motar ta lafa har can inda ciyawa ta fara.

Glenna ta taɓa haƙoranta da harshe ɗaya bayan ɗaya. Ta juyo ta dube shi, tana murmushi, giɓin a fili.

"Shi ke nan? Abin da kake ta naci a kai ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ai ban ga komai ba. Juya mu sake."

"Gudu ɗaya ne ƙa'ida, Glenna."

"Ina bin su arba'in da huɗu. Wa zai hana ni?"

Ba wanda ya hana ta. Uku suka yi kafin wake ya huce, kuma ranar Wendell kwano biyu ya ci. A watan Disamba 'yarsu ta zo da tirela ta ɗauki motar, ya miƙa mata makulli da fensirin Hoyt, ya nuna mata inda ake sa shi. Layukan nan biyu kuwa suna nan a bayan rumbun taba, ruwan sama ya ɗan kwashe su amma ana gani, Glenna ta hana Hoyt bi ta kansu da tarakta.

In kana son ka ji abin a hannunka, ba sai ka sami silinda takwas ba. Ɗauko ruwan zarto ko rula ta roba, ka ba wani ya riƙe ƙarshenta biyu, ka murɗa tsakiyar ka saki, ka ga yadda take fizga. Sannan ka shimfiɗa fensir a ƙarƙashin rabin gaba, ka matse su tare, ka sake murɗawa. Gwada yau ɗin nan, kuma gobe in ka ci karo da sawun taya a kan kwalta, ka ɗan tsaya ka ƙirga.